Hoton 4K Zai Iso Kazaure, Amma Ba Ta Ƙofar Da Muke Tsaye Ba



Akwai tambayar da ke yawo a bakin matasanmu masu son wasan kwamfuta, daga Kanti a cikin Kazaure har Babura, musamman ɗaliban da suka leƙa YouTube suka ga yaran Amurka da Koriya suna buga gem a allon da ake iya ƙirga gashin girar ɗan wasa. Tambayar ita ce: yaushe kwamfutar da ke buga gem a 4K za ta yi araha, har kowa ya iya ajiye tasa a ɗaki? Wasu har sun ɗaga sayen abin da ƙarfinsu zai kai, wai suna jiran farashi ya faɗo. Mu a ganinmu wannan jiran gawon shanu ne. Irin kwamfutar da suke gani a bidiyo ba za ta yi araha ba, ko bana ko baɗi. Amma hoton 4K kansa zai iso, kuma ba da daɗewa ba, sai dai ta hanyar da duk wata sabuwar fasaha ta saba bi ta shigo garuruwanmu: ta haya, ta kayan hannu, ta taron jama'a a shago ɗaya.

Bari mu fara da abin da ake nufi da 4K, don da yawa suna ambatonsa ba tare da sun san nauyinsa ba. Hoton da ke kan allo ɗige-ɗige ne ƙanana da aka jera. Allon da aka saba da shi, wanda ake kira 1080, yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla kusan miliyan biyu. Na 4K kuwa 3,840 ne a kwance da 2,160 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan takwas, ninki huɗu cif. Idan fim ne, abin da sauƙi, domin an riga an ɗauki hoton, nuna shi kawai na'ura za ta yi. Gem ba haka yake ba. Duk motsin da ka yi da hannun gem, sai kwamfuta ta zana sabon hoto daga farko, ta lissafa haske da inuwa da launin kowane ɗigo, kuma ta maimaita hakan sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya kafin wasan ya tafi sumul. Ka ninka miliyan takwas sau 60, za ka ga ana maganar ɗigo kusan miliyan 500 a kowace daƙiƙa. Abin da ke ɗaukar wannan dakon shi ne katin hoto, kuma shi ne ya fi komai tsada a cikin kwamfutar gem.

To, ga inda gizo ke saƙar. A watan Maris na 2017 kamfanin Nvidia ya fitar da katin GTX 1080 Ti a kan dala 699, aka yi ta murna cewa zamanin 4K ya zo. A Oktoban 2022 ya fitar da RTX 4090 a kan dala 1,599. A Janairun 2025 RTX 5090 ya fito a kan dala 1,999. Shekara takwas ke nan, farashin na gaba-gaba bai sauka ba, ninkawa ya yi kusan sau uku. Dalili kuwa a fili yake: duk lokacin da kati ya ƙara ƙarfi, masu ƙirƙirar wasanni sai su ƙara masa kaya, su sa hasken da ke haskawa a ruwa kamar gaske, su sa ganyen kowace bishiya ya riƙa motsi da kansa. Katin da ya yi sarauta jiya, yau nishi yake. Ƙari a kan haka, 'yan gem ba su kaɗai ne a kasuwar ba. A 2021 masu haƙar kuɗin intanet suka wawashe katunan har suka yi wuyar samu, sai da tsarin Ethereum ya daina amfani da su a Satumban 2022 aka ɗan numfasa. Ba a gama numfasawar ba kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka shigo da jakunkunan kuɗi, suna sayen irin waɗannan na'urori dubbai a lokaci guda. Ɗan kasuwar da ke da mai saye irin wannan, me zai sa ya karya farashi don ɗalibin da ke Roni?

Kada ma mu ɗauka cewa a can ƙasashen abin ya zama ruwan dare. Kamfanin Valve, mai kasuwar wasanni ta Steam, yana fitar da ƙididdigar na'urorin masu amfani da shi kowane wata. Har zuwa 'yan shekarun nan, fiye da rabinsu a allon 1080 suke wasa, masu 4K kuwa ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba. Waɗannan fa mutane ne da wuta ba ta ɗauke musu, kuɗinsu kuma ba ya narkewa a aljihu. Abin da muke gani a YouTube tallar 'yan ƙalilan ce, waɗanda galibi kamfanoni ne ke aika musu da kayan.

Yanzu mu dawo gida mu yi lissafi da naira. Kafin watan Yuni na 2023, dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, zuwa 2024 dala ta kai wajen 1,500. A farashin farko, katin dala 1,599 bai wuce naira dubu 740 ba. A na biyu ya zama kusan miliyan biyu da dubu 400, alhali a Amurka ko sisi bai ƙaru ba. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya tara na wata 34 bai ci ba bai sha ba kafin ya riƙe katin a hannu, katin kaɗai, ba allo, ba sauran kayan ciki, ba kuɗin kwastan, ba ribar ɗan kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano. Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Ko Nvidia ta yi rangwamen kashi ashirin gobe, faɗuwar naira ta mako ɗaya na iya cinye shi.

Amma a ce ma wani ɗan uwa da ke Dubai ya aiko maka da ita kyauta. Nan ne aikin zai fara. RTX 4090 shi kaɗai yana jan wuta har wat 450, RTX 5090 kuma 575. Idan aka haɗa da sauran kwamfutar da allo, mu ɗauka wat 600 a taƙaice. Awa biyar a rana, yunit uku ke nan. A farashin rukunin A, wanda ya tashi zuwa naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta shi zuwa ɗari biyu da 'yan kai, kana maganar sama da naira 600 a rana, kusan dubu 19 a wata. Wannan ga wanda ke kan layin da aka yi wa alkawarin wutar awa ashirin ke nan. Mutumin Amaryawa ko Korayel ko Kanya Babba ya san awa nawa yake gani. Idan kuma ka ce janareta, ɗan ƙaramin Tiger da muka saba da shi da ƙyar zai ɗauki wannan nauyi, kuma wutarsa mai hawa da sauka ita ce ajalin irin waɗannan kaya. Ga fetur, tun daga 29 ga Mayun 2023 kowa ya san labarinsa.

Akwai kuma abin da masu tallar ba su taɓa ambata ba, don ba su san shi ba: zafin Afrilu da ƙurar hunturu. Duk wat ɗin da na'ura ta ja, zafi ne take fitarwa cikin ɗaki. Ka kunna abu mai wat 600 a ɗakin kwano lokacin da zafin waje ya haura digiri 40, kamar ka ajiye kurfoti ne a gefen gado. Katin da ya ji zafi yana rage gudu da kansa don kada ya ƙone, sai ka ga ka biya kuɗin doki kana tafiyar jaki. Hunturu kuma ya zo ya toshe fankokinsa da ƙura. Don haka bayan kwamfuta sai na'urar sanyaya ɗaki, bayan ita kuma sai babbar wutar da za ta ɗauke su duka biyu.

Data ma tana nan tana jira. EA Sports FC, wasan ƙwallon da kafin 2023 ake kira FIFA, yana neman wurin ajiya na giga 100 a kwamfuta, kuma ba ya rabuwa da sabuntawa. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Wasu za su ce ai akwai mafita, a riƙa buga gem ta intanet, babbar kwamfutar tana can wata ƙasa tana zana hoto tana aiko maka. Google ta gwada haka da Stadia a Nuwamban 2019, ta rufe shi a Janairun 2023. Lokacin da yake aiki, 4K ɗinsa yana iya shan giga 20 a awa ɗaya. Ko da datar ta zama kyauta, saƙon yatsanka sai ya je inda kwamfutar take ya dawo kafin ɗan wasanka ya ɗaga ƙafa, kuma duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a gem ya san jinkirin ƙiftawar ido ya isa a zura maka.

Duk da wannan, mun ce zai iso. Ga dalilinmu.

Mu tuna yadda wayar salula ta shigo. A 2001 layin waya kaɗai ya haura naira dubu ashirin. Shin jama'a jira suka yi sai ya yi araha kafin su yi magana da 'yan uwansu da ke Legas? A'a. Mutum ɗaya ya saya, ya kafa lema da teburi a bakin tasha, kowa ya zo ya biya kuɗin minti. Haka tauraron ɗan Adam: kafin mutane su fara ɗora faranti a saman gidajensu, gidan kallo ne ya koya wa gari duka sunan Arsenal da Barcelona, benci da labule da janareta ɗaya. Haka fim: wanda ba shi da datar saukewa yana miƙa wayarsa ga masu turi su cika masa. Shi kansa gem ɗin haka ya shigo. PlayStation 2 ta fito a shekarar 2000, amma yawancin waɗanda suka ƙware a Winning Eleven a garuruwan nan ba su taɓa mallakar ta ba. A shago suka koya, wasa ɗaya 'yan nairori, wanda aka ci ya tashi ya ba na baya hannu. Mu a nan, abu yana zama na kowa tun kafin kowa ya mallake shi. Duk wanda ke auna yaɗuwar 4K da yawan ɗakunan da aka ajiye kwamfuta, da mudun wasu yake awo.

Na biyu, wasan da muke bugawa ba shi ne wanda ke durƙusar da manyan katuna ba. Shiga kowane shagon gem, ƙwallo za ka tarar, sai ɗan dambe ko tseren mota jefi-jefi. Filin ƙwallo da 'yan wasa 22 ba nauyi ba ne idan aka kwatanta da wasannin da ake zana birni guda da motocinsa da ruwan samansa. Tun Nuwamban 2016 Sony ta fitar da PS4 Pro a kan dala 399, mai iya fitar da hoton 4K. PS5 ta biyo baya a Nuwamban 2020 a kan dala 499, kuma wutar da take ja lokacin wasa wajen wat 200 ce. A farashin da suka fito da shi, kuɗin katin RTX 4090 guda ɗaya ya kai na PS5 uku da canji. Su kuma talabijin masu 4K sun riga sun cika kantunan Kano, har ya zama idan ka nemi babbar talabijin sabuwa, 4K ɗin za a fara nuna maka.

Na uku, su kansu kamfanonin sun gane cewa zana ɗigo miliyan takwas ɗaya bayan ɗaya asarar ƙarfi ce. Nvidia ta kawo dabarar DLSS, wadda ta kankama sosai a 2020, AMD kuma ta kawo FSR a 2021. Abin da suke yi shi ne kwamfuta ta zana ƙaramin hoto, sannan ta faɗaɗa shi ta cike gurbin da hasashe, har ya fito kusa da 4K na gaske. Da wannan dabara matsakaicin kati yana yin aikin da da sai babba. RTX 4060 da ya fito a 2023 a kan dala 299, wutarsa wat 115 ce kawai. Ba zai ɗauki manyan wasanni a 4K da dukkan ƙawarsu ba, amma ƙwallo ba za ta gagare shi ba. Irin waɗannan katunan ne, bayan masu su a Turai sun gaji da su, za su biyo kwantena su sauka Ikeja, su hau mota zuwa Kano, daga nan awa ɗaya da 'yan mintuna a titin Daura sun iso Kazaure.

Na huɗu shi ne sola, kuma a ganinmu shi ne zai yanke hukunci. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantin sola a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, na batirin litiyam ma kusan haka. Wannan ita ce faɗuwar farashin da ya kamata ɗan gem na Jigawa ya riƙa bibiya, ba ta katin hoto ba. Masu cajin waya da masu sayar da ruwan sanyi sun riga sun gane. Shekaru ke nan ana maganar babbar tashar sola mai megawat 1,000 a Gwiwa, kuma muna fatan ganin ta, amma farantai shida a saman kwanon shago ba sai an jira sa hannun kowa ba. Rana kuwa, wadda muka ce tana dafa kwamfuta, ita ce dukiyar da ba mu da ƙarancinta.

Saboda haka idan aka matsa mana mu faɗi lokaci, ga hasashenmu, kuma hasashe ne: kafin 2030 shagunan gem na manyan garuruwanmu, Kazaure da Babura a gaba, za su koma 4K, galibi da PS5 ta hannu, musamman idan Sony ta fitar da wadda za ta gaje ta, masu tsohuwar suka fara zubar da ita. Kwamfutar 4K a ɗakin kowane matashi kuwa, ba ma sa ran ganin ta, kuma ba ma jin akwai buƙatar a yi kukan rashinta. Gem na ɗaki waya ta riga ta cinye shi. Yaron da ke buga Free Fire ko Dream League a Tecno ɗinsa bai taɓa tambayar ɗigo nawa ke allonsa ba.

A nan ne maganar ta shafi aljihun mutane. Akwai matashin da ya gama hidimar ƙasa ya tara ɗan abin da ya tara, ko mahaifiyarsa ta sayar da tumakinta ta ba shi jari, yana son buɗe shagon gem. Idan ya biye wa YouTube, zai zuba kuɗin duka a kwamfuta ɗaya mai fitilu kala-kala, mutum biyu su zauna, goma su tsaya kallo, wuta ta ɗauke kowa ya watse. Da kuɗin nan zai iya sayen na'urori uku na hannu, da farantan sola da batir da inbata, da fanka, da hannayen gem masu kyau, waɗanda su ne abin da ya fi saurin lalacewa kuma ya fi korar kwastoma. Mai zuwa shago abu uku yake nema: kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, kada hannu ya riƙa maƙalewa, kada hoto ya riƙa tsinkewa. Tsabtar hoto tana bayan waɗannan. Hasali ma, ido yana da iyaka. A talabijin mai inci 43, idan ka zauna nesa da ita kamar mita biyu, lafiyayyen ido ba ya iya rarrabe ɗigon 1080, balle na 4K. Benci kuwa a yawancin shaguna can baya yake. Za ka iya biyan kuɗin ɗigo miliyan shida na ƙari waɗanda babu wanda zai gani.

Mai sayen kayan hannu kuma ya buɗe ido. Katunan da suka yi shekara biyu suna haƙar kuɗin intanet dare da rana sun bazu a kasuwannin duniya bayan 2022, an wanke su an goge kamar sababbi. Akwai kuma ƙananan akwatunan gem masu arha da aka rubuta wa 4K ɓaro-ɓaro a kwali, alhali wasannin zamanin da ne a ciki aka miƙe hotonsu. Kada ka biya sai an kunna a gabanka, an bar shi ya yi aiki ya ɗauki zafi na rabin awa.

Akwai dai rukuni ɗaya da babban kati zai yi wa rana, kuma suna nan a cikinmu. Kazaure ba baƙuwar kwamfuta ba ce. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa da kowa ya fi sani da Informatics, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa jami'ar fasaha a Babura. Ɗaliban da ke fitowa daga waɗannan wurare, wasunsu suna tace bidiyon biki, wasu suna zana taswirar gini, wasu suna koyon zane mai motsi da manhajar Blender, wadda kyauta ce, wasu ma suna taɓa Godot da Unreal, manhajojin da ake gina wasannin da su. Katin da ke zana filin ƙwallo shi ne dai ke tace bidiyon amarya. Ga irin wannan mutum, kwamfuta mai ƙarfi kamar keken ɗinki ce ga tela, tana biyan kuɗin kanta da rana. Idan dare ya yi, aiki ya ƙare, batir bai mutu ba, sai ya kira abokansa su buga ƙwallo a 4K. Muna kyautata zaton kwamfutocin gem na farko masu wannan ƙarfi da za su zauna daram a yankin nan, a shagunan masu ɗaukar hoton biki za a same su, kusa da kyamara da jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi, kuma a takardar sayensu ba za a rubuta gem ba.